Gona Ce Ke Zaɓar Miyar Mako

Kowace Talata da la'asar, tun daga farkon watan Yuni har zuwa ƙarshen Oktoba, nakan je wata gona da ke kwarin Kogin Connecticut, a yammacin jihar Masacusets ta Amurka, domin in ɗauko kason gidanmu na abin da gonar ta fitar a makon. A bakin rumfar akwai baƙin allo da aka rubuta da alli: latas kai 2, lawashi dami 1, karas laba 1, ganyen kel (wani ganye dangin kabeji) dami 1, sai furanni ga wanda ke da sha'awar shiga gona ya tsinko da kansa. Babu ciniki, babu biyan kuɗi, babu mai tsaye yana duba ko ka ƙara ɗan karas a kan sikeli. Kuɗin an riga an biya tun cikin watan Fabrairu, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe gonar, manomin kuma yana zaune a ɗaki yana lissafin iri da taki da albashin ma'aikata.

Wannan shi ne tsarin da Amurkawa ke kira CSA a taƙaice, wato noman da jama'a suka ɗaure wa gindi. Gidaje ɗari ko ɗari biyu ne za su sayi amfanin gona ɗaya tun kafin a shuka, sannan a riƙa raba musu duk mako har kimanin mako 20. Idan shekara ta yi albarka kwando ya cika ya tumbatsa, idan ta ƙi kowa ya ɗauki rabonsa na rashi. A yankinmu cikakken kaso yakan kama daga dala 600 zuwa 800, gwargwadon gona da tsawon lokaci. Na shekara shida ina cikin tsarin, kuma abin da na fahimta shi ne, ɗorewarsa ko rushewarsa a madafa ake yanke ta, ba a gona ba. Masu tallata shi suna yawan maganar lafiyar ƙasa da ɗanɗanon tumatirin da ya nuna a jikin uwarsa, amma da wuya ka ji sun gaya wa sabon shiga cewa daga ranar da ya sa hannu ya miƙa wa gona ikon zaɓar miyar gidansa. Ni ina ganin wannan miƙa wuyan daidai ne, kuma duk gyaran da ake yi wa tsarin don a ɗauke shi daga kan mai saye, rage masa ƙarfi yake yi.

Asalin abin ba daga Amurka yake ba. A Japan, a shekarun 1960 da 1970, bayan cutar Minamata da sauran masifun gurɓatar ruwa da abinci sun tsorata jama'a, matan gida suka fara haɗa kai suna ƙulla yarjejeniya kai tsaye da manoma, abin da suka kira teikei. A kusa da birnin Geneva na Suwizalan an kafa irin wannan gona a 1978. Daga Turai ne ra'ayin ya tsallako, kuma a 1986 gonaki biyu suka fara raba kwando: Indian Line da ke South Egremont a nan Masacusets, wadda Robyn Van En ta jagoranta tare da Jan Vander Tuin, da kuma Temple-Wilton a jihar New Hampshire. Tun kafin su, wani baƙar fata malamin aikin gona a Tuskegee ta jihar Alabama, Booker T. Whatley, ya daɗe yana shawartar ƙananan manoma da su tara wa kansu mutanen birni masu biyan kuɗin rajista a farkon shekara, sai dai ba kasafai ake tunawa da shi ba idan ana ba da tarihin. Faransa ta bi sahu a 2001 da ƙungiyoyin da ake kira AMAP. Binciken da ma'aikatar noma ta Amurka ta yi a 2015 ya ƙirga gonaki 7,398 masu sayarwa ta wannan hanya, da cinikin dala miliyan 226, wanda a kasuwar abincin ƙasar bai taka kara ya karya ba.

Dalilin da ya sa ƙaramin manomi ke buƙatar tsarin a fili yake. Ma'aikatar noman ta kan ƙiyasta cewa a kowace dala da Ba'amurke ya kashe a kan abinci, kimanin santi 15 ne kaɗai ke komawa gona, ragowar na masu sarrafawa ne da masu jigila da masu kanti da gidajen cin abinci. Fiye da kashi ɗaya bisa uku na kayan lambun ƙasar daga Kalifoniya yake fitowa, latas ɗin hunturu kuma kusan duka daga yankin Yuma na Arizona. Mai eka goma sha biyar a Masacusets ba shi da yadda zai kara da su a farashi. Abin da yake da shi, wanda su ba su da shi, mutanen da suka san fuskarsa ne, waɗanda za su ba shi kuɗi a Fabrairu ba tare da ruwa ba, kuma ba za su kai shi kotu ba idan tumatir ya ƙi.

Shekarata ta farko asara na yi, kuma laifina ne. Na ci gaba da tafiyar da madafa yadda na saba: in zauna ranar Asabar in yanke shawarar abin da za a ci, in rubuta cefane, in tafi kanti. Kwandon Talata sai ya zama baƙon da ya zo bayan an gama rabon abinci. Wata ranar Litinin a watan Yuli na jawo aljihun ƙasa na firji, na tarar da latas kai uku sun narke sun zama ruwa mai wari a cikin leda, ga wani abu mai kama da kan kabeji da ƙahoni, wanda suke kira kolrabi, ya yi mako uku yana kallona ina kallonsa. Na kwashe na zubar, ina tuna cewa gobe wani kwandon zai iso. Ranar ce na gane dalilin da ya sa mutane da yawa ba sa sake rajista bayan shekara guda. Ba gonar ce ta ha'ince su ba, kunyar zubar da abincin da suka ga fuskar wanda ya noma shi ce take korarsu, alhali kayan kanti idan sun ruɓe babu wanda ake jin nauyinsa.

Maganin bai wuce juya tsarin ba. Yanzu ranar Talata da daddare ce ranar shawara, bayan an baje kayan a kan tebur. Tambayar farko ita ce wanne ne zai riga lalacewa, domin shi za a fara ci. Latas da sauran ganyaye masu laushi na Talata da Laraba ne. Ganyaye masu kauri da koren wake da kokwamba suna kaiwa Juma'a ko Asabar. Karas, kabeji, albasa, dankalin turawa da kabewa ba su da gaggawa, su ne ke riƙe Lahadi da Litinin, lokacin da firji ya fara yin fayau. A daren nan nake wanke ganye, in tsane shi, in naɗe cikin tsumma mai tsafta, in kuma yanke ganyen karas daga jikinsa don kada ya tsotse masa ruwa. Aikin awa ɗaya ne, kuma makon da na yi ƙiwar yin sa nakan ga sakamakon kafin Asabar. Sai bayan an gama wannan ne nake ciro naman da zai dace daga firiza, sannan a ƙarshe in rubuta ɗan abin da za a sayo a kanti, kamar shinkafa, mai, gishiri da gyaɗa.

A nan ne na ga cewa wadda ta tashi a kan girkin Hausa tana da wata dama da maƙwabtanta ba su da ita. Maƙwabciyata Ba'amurkiya, wadda muke karɓar kaso a gona ɗaya, girkinta daga littafi yake farawa: kowane abinci da sunansa da jerin kayansa da ma'auninsa, idan abu ɗaya ya ɓace sai a fasa. Mu kuwa ba mu taso da haka ba. Miyar taushe ba ta taɓa tambayar wace irin kabewa aka samu ba. Fate yana karɓar duk ganyen da aka yanka masa, kwaɗo ma haka, dambu kuwa ai don ganye aka yi shi. Ganyen kel ɗin da ake ta kuka da shi, idan aka cire jijiyar, aka yanka ƙanana, aka tafasa aka matse, aka haɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan yaji, ba ya nesa da kwaɗon rama. Kolrabin da ya gagare ni a shekarar farko, fere shi kawai ake yi a jefa a dafa-duka. Na lura cewa tukunyar da aka gina a kan miya da mahaɗi ta fi sauƙin bin yanayi, domin a can gida ma haka aka saba: ɗanyar kuɓewa da yakuwa da damina, kabewa da sabon wake da kaka, tumatir da latas na lambu da sanyi, kuka da busasshiyar kuɓewa idan bazara ta matsa.

Sai dai yanayin nan nasa daban ne, kuma sai an koye shi. Yuni duk ganye ne, har mutum ya gaji da kore. Tumatirin fili ba ya zuwa sai ƙarshen Yuli ko Agusta, kuma idan ya zo ba ya zuwa da hankali: shi da tattasai da yalo da ɗanyar masara da kankana duk a lokaci ɗaya suke sauka. Satumba da Oktoba na kabewa ne da dankali da albasar ajiya. Saboda haka shirin mako a Agusta dole ya ƙunshi shirin Janairu. Nakan markaɗa tumatir da tattasai da albasa, in dafa su har ruwan ya ƙone, in zuba a ƙananan robobi na miya ɗaya-ɗaya, in jera a firiza. Na taɓa gwada shanya tumatir a rana don in yi kauɗa irin ta gida, amma laimar iskar Masacusets ta sa ya yi furfura cikin kwana biyu, daga nan na koma amfani da tanda a ƙaramar wuta.

Batun nama ya fi na kayan lambu sarƙaƙiya, kuma a nan ne hannun gwamnati ya fi fitowa. Kamfanoni huɗu, wato Tyson, Cargill, JBS da National Beef, su ke yanka kimanin kashi 85 cikin 100 na shanun da aka yi wa kiwon ƙiba a Amurka. A watan Afrilun 2020, da annobar korona ta shiga manyan mayankan aka rufe wasu, sai kantuna suka fara ƙayyade yawan naman da mutum zai saya, alhali makiyaya na riƙe da dabbobin da ba su da inda za su kai. Jama'a suka ruga wajen ƙananan makiyaya, a nan ne aka gane cewa ƙananan mayanka sun yi ƙaranci ƙwarai, har a wurare da dama sai an kama layi shekara guda kafin ranar yanka. Dokar tarayya ta hana sayar da naman da jami'an duba nama ba su sa wa hatimi ba, amma ta bar ƙofa ɗaya: mai dabba yana iya sa a yanka masa dabbarsa don cin gidansa. Shi ya sa ake sayar da sa tun yana da rai ga mutum biyu ko huɗu, kowa ya zama mai shi, sannan a kai wa mahauci ya gyara, a buga wa kowane ƙunshi tambarin da ke cewa ba na sayarwa ba ne.

Da na yi wa mahaifiyata bayanin wannan a waya, tun ban ƙarasa ba ta katse ni. "To ai watanda kenan, 'yar nan. Har sai da kika je Amurka kika gano ta?" Gaskiyarta. Bambancin kawai shi ne a gida akan yi watanda a jajibirin salla, a kasa nama a kan tabarma ko kwano, tsoka da ƙashi da kayan ciki daidai wa daida, a cinye cikin 'yan kwanaki, a nan kuwa ana yin ta sau ɗaya don ta ɗauki gida wata shida ko fiye. Gidaje huɗu ne mu, dukkanmu Musulmi, muke haɗa kuɗi duk kaka. Dokar yanka ta 1958 ta amince da yankan addini, saboda haka abin da ya rage shi ne samun mayankar da za ta yarda ɗayanmu ya riƙe wuƙa, kuma tafiyar kusan awa biyu ce daga gidanmu. Sa wanda ya kai kilo 540 da ransa yakan ba da gyararren nama wajen kilo 200 ko sama kaɗan, wato kowane gida ya tashi da kimanin kilo 50. A karon farko ba mu san sai an faɗa tun da wuri ba, muka je ɗauka muka tarar mahaucin ya zubar da tumbi da ƙafafu, domin a wajensa shara ne. Maigidana bai ce uffan ba har muka iso gida, sai a bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, bana babu farfesu kenan." Tun daga lokacin muke rubuta komai a takarda, har da wutsiya da harshe da ƙashin romo.

Mallakar rubu'in sa yana canza lissafin mako fiye da yadda na zata. Wanda ke saye a kanti yana iya cin tsoka zalla shekara da shekaru, ya manta cewa dabba tana da wuya da ƙwauri da haƙarƙari. A firizarmu kuwa kowane yanki ƙidayayye ne, kuma akwai takarda manne a murfi da ake soke abin da aka cire. Naman da ke son doguwar dahuwa na Asabar da Lahadi ne, lokacin da ake gida. Niƙaƙƙe na tsakiyar mako ne, ranar da aka dawo aiki a gajiye. Ƙashi ana dafa shi sau ɗaya a sami romon miya uku. Ba tare da mun yi niyya ba cin namanmu ya ragu, ya koma matsayin da na san shi da shi ina yarinya, wato abin da ke gyara miya, ba abin da ake cika faranti da shi ba.

Akwai suka guda biyu da ake yi wa tsarin, kuma ba na raina ko ɗaya. Na farko shi ne cewa tsarin na masu hali ne. Wanda albashinsa ke ƙarewa kafin wata ba zai iya fitar da dala 700 a Fabrairu don abincin Yuli ba, ballantana kuɗin rubu'in sa da babbar firiza da ɗakin ajiye ta da motar zuwa gona. Wannan gaskiya ne, amma matsala ce da ake iya ragewa, kuma an fara. Dokar noma ta 2014 ta ba masu karɓar tallafin abinci na SNAP damar biyan kason gona gabanin karɓa, jihar Masacusets kuma tun 2017 take mayar musu da wani ɓangare na kuɗin da suka kashe a kan kayan lambun da suka saya kai tsaye daga manoma. Gonaki da yawa suna karɓar biya kaɗan-kaɗan, wasu kuma suna sa farashi hawa-hawa, mai ƙarfi ya biya sama don marar ƙarfi ya biya ƙasa. Idan hukuma tana neman inda za ta sa kuɗi, waɗannan ne wuraren, tare da ƙananan mayanka a kusa da makiyaya.

Suka na biyu ya fi ci mini rai, domin ba a cika faɗarsa ba. Kwandon gona aiki ne, kuma a yawancin gidajen da na sani mace ce ke yin sa. Wanke ƙasa daga ganye, fere kabewa mai taurin kai, tsayuwa kan tukunyar tumatir a zafin Agusta, riƙe lissafin firiza a ka, duk ba sa cikin farashin da aka rubuta a takardar rajista. Gidan da zai shiga ba tare da an zauna an raba wannan aikin ba, ya ƙara wa mutum ɗaya nauyi ne da sunan taimakon manomi. A gidanmu sai da aka yi 'yar tsama kafin daren Talata ya zama na kowa, har da yara.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganin da kasuwa ta kawo wa waɗannan koke-koke. Gonaki da dama yanzu suna barin kowa ya shiga intanet ya zaɓi abin da yake so a kwandonsa, ya tsallake makon da ya ga dama, ya fita ranar da ya so. Akwai kuma kamfanonin da ba su da ko kunya ɗaya ta noma, suna tattaro kaya daga wurare daban-daban, har da lemo da ayaba waɗanda ba sa fita a wannan yanki, su kawo ƙofar gida da hoton manomi a jikin kwali. Na fahimci manomin da ya bi wannan hanya don kada mutanensa su watse, ba kuma na zarginsa. Amma idan kowa ya zaɓi tumatir da masara ya bar kabeji da kel, manomi ya koma inda ya fito, yana noma abin da bai san ko za a ɗauka ba. Gona kuma ba ta iya fitar da tumatir kaɗai, dole ta juya shuka daga fili zuwa fili don ƙasa ta huta da cuta, dole ta shuka abin da ke jure sanyin Mayu da na Oktoba. Wanda ya ci kabejin shi ne ya biya kuɗin lafiyar filin da tumatir zai fito baɗi. Idan kuma ana iya ficewa a kowane mako, to alkawarin raba asara ya tashi, domin ranar asarar ce kowa zai fice.

Na ga ranar da idona. A watan Yulin 2023 aka tafka ruwa a jihar Vermont, Kogin Connecticut ya cika ya malale gonakin da ke gaɓarsa a garuruwa irin su Hadley, Hatfield, Deerfield da Northampton, daidai lokacin da amfani ya fara nuna. Ƙa'idar hukumar abinci ba ta yarda a sayar da abin da ruwan ambaliya ya taɓa ba, ko da a ido lafiyarsa ƙalau, saboda haka filaye da yawa sai dai aka bi su da garma. Gonarmu ta rasa filayenta na ƙasa, na kan tudu suka tsira. Talatar da ta biyo baya allon rumfa layi huɗu kawai yake ɗauke da shi maimakon goma, matar manomin tana tsaye a gefensa da takalmin roba, tana ba kowa haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa da ke gabana ta ɗauki albasarta da kabejinta, ta ce mata ta daina ba da haƙuri, ai da an samu da yawa ma ba za su dawo da rarar ba. A makon nan mun ci dambun kabeji sau biyu da faten wake, na kuma buɗe robar ƙarshe ta markaɗen bara, wadda na yi niyyar ajiyewa har sabon tumatir ya iso.